Gabaruwa Ta Kashe Ƙwayar Cuta a Faranti: Me Ya Rage Kafin Ta Zama Magani?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin majema a Sakkwato ya ga aikin gabaruwa da idonsa. A daka 'ya'yanta, a jiƙa, a tsoma fatar jar akuya a ciki, sai fatar da za ta ruɓe cikin kwana biyu ta koma abin da za a ɗinka jaka ko takalmi da shi, ya yi shekaru bai yi wari ba. Abin da ke yin wannan aiki wani sinadari ne da ake kira tanin. Halinsa shi ne ya damƙe furotin duk inda ya same shi, ya ɗaure shi tamau. Shi ne ke sa baki ya yi bauri idan an tauna ɗanyar gabaruwa, shi ne kuma dalilin da ya sa iyayenmu suke kuskure baki da ruwanta idan dasashi yana jini, suke barbaɗa garinta a miki.

Tanin ɗin nan ne ya fi komai bayyana dalilin da ya sa gabaruwa, marke, sabara da kalgo suke nuna ƙarfi idan an gwada su kan ƙwayoyin bakteriya a ɗakin gwaji. Shi ne kuma ya fi komai bayyana dalilin da ya sa ƙarfin yakan ɓace da zarar an bar farantin gwaji an nufi jikin mutum.

Matsalar da ta sa ake wannan bincike ba ƙarama ba ce. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda bakteriya masu bijire wa magani, kuma yankin da abin ya fi muni shi ne Afirka ta Yamma, inda aka samu mutuwar kusan mutum 27 cikin kowane dubu 100. Ƙwayoyi shida ne suka fi ɓarna: E. coli, Staphylococcus aureus, Klebsiella pneumoniae, Streptococcus pneumoniae, Acinetobacter baumannii da Pseudomonas aeruginosa. Su ne ke bayan ciwon sanyin da ya ƙi jin magani, gyambon da ya ƙi rufewa, da jaririn da ya ɗauki zazzaɓi kwana uku da haihuwa. Yadda aka zo nan kuwa kowa ya sani: kafso biyu daga kemis saboda mura, a bar magani ranar da jiki ya yi sauƙi, a zuba tetirasaikilin a ruwan kaji kullum.

Abu na farko da mai bincike zai tabbatar ba ya jikin tsiron, yana jikin ƙwayar cutar. Ba a kiran ƙwaya mai bijirewa don kawai an samo ta daga majinyaci a asibiti. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce sai ƙwaya ta ƙi jin aƙalla magani ɗaya a cikin gida uku ko fiye na antibayotik kafin a ce tana bijire wa magunguna da yawa. Idan Staphylococcus aureus ce ake zargin ta zama MRSA, wato mai bijire wa metisilin da danginsa, wadda aka fara gani a Ingila a 1961, ana ɗora mata ƙaramar takarda mai ɗauke da maikirogiram 30 na sefoksitin. Idan faɗin da'irar da ƙwayar ta kasa tsirowa bai wuce milimita 21 ba, to ita ce. Idan E. coli ko Klebsiella ce ake zargin tana fitar da sinadarin ESBL mai sassare magunguna irin su seftirayakson, ana gwada sefotaksim ko seftazidim shi kaɗai, a sake gwada shi haɗe da kilabulanik asid. Ƙarin milimita 5 ko fiye shi ne hujja. A gefe kuma dole a riƙe ƙwayoyin da duniya ta san halinsu, irin su ATCC 25922 ta E. coli da ATCC 25923 ta Staphylococcus, domin su ne za su tona asiri idan takardun magani sun mutu a ajiya. A garin da wuta ke ɗaukewa firiji ya huce, wannan yakan faru sosai, musamman ga imifenem da kilabulanik asid da ba sa jure zafi da laima. Takardar da ta mutu za ta sa a ɗauka ƙwaya tana bijirewa alhali lafiyarta lau.

Sai a zo kan tsiro. Sunan Hausa kaɗai ba ya isa, don suna ɗaya yakan hau tsiro biyu, tsiro ɗaya kuma yakan sauya suna daga Sakkwato zuwa Kano, kamar yadda gabaruwa take komawa bagaruwa. Ana tsinko reshe da ganye da fure ko 'ya'ya, a kai ma'ajiyar tsirrai irin wadda ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo, masani ya tantance, a ba shi lamba. A rubuta inda aka samo shi, watan da aka samo shi, da sashen da aka ɗiba. Saiwa daban, ɓawo daban, ganye daban. Ganyen sabara na tsakiyar damina ba ɗaya yake da na bazara ba, ɗanyen ɗan gabaruwa ba ɗaya yake da wanda ya bushe ya faɗo ba.

Akwai tambayar da ake yawan tsallakewa, alhali ta fi sauran amfani: yaya mai maganin yake haɗa shi? Ya kamata a zauna gaban dattijon, a ce, "Baba, dafawa ake yi ko jiƙawa? Kwana nawa? Ana sa jar kanwa? Sha ake yi ko shafawa?" Tarihin maganin zazzaɓin cizon sauro na atemisinin ya isa darasi. Tu Youyou da abokan aikinta a ƙasar Sin sun yi ta tace tazargade da zafi, sakamako yana zuwa yana ɓacewa, sai da suka lura wani tsohon rubutun likitanci ya ce a jiƙa a ruwa a matse, bai ce a dafa ba. Suka koma tacewa ba tare da zafi mai yawa ba a 1971, aikin ya tsaya da ƙafarsa, ta karɓi kyautar Nobel a 2015. Haka tafarnuwar da ake nomawa a Goronyo da Wurno take. Sinadarinta mai kashe bakteriya, alisin, ba ya samuwa sai an daka ta ɗanya, kuma zafi yana lalata shi nan da nan. Wanda ya shanya tafarnuwa ya dafa ta awa shida a na'ura ya kashe abin da yake nema da hannunsa.

Shanya a inuwa ake yi, inda iska ke ratsawa, mako ɗaya zuwa biyu. Da hunturu abu yana bushewa da wuri amma ƙura na hawa kansa, sai a rufe da yadi mara kauri. Da damina haɗarin shi ne funfuna, kuma duk samfurin da ya yi funfuna zubarwa ake yi, domin ita kanta funfuna tana iya fitar da sinadarin kashe bakteriya. Daga irinta masanin kimiyya Alexander Fleming ya gano fenisilin a 1928. In ya bushe a niƙa, a auna giram 100, a zuba a lita 1 ta itanol mai kashi 70 cikin ɗari ko metanol, a rufe, a riƙa girgizawa awa 48 zuwa 72. A tace da yadi, a sake tacewa da takardar Whatman lamba 1, a janye ruwan a zafin da bai wuce digiri 40 ba, a auna abin da ya rage don a san kashi nawa aka samu. A yi wani da ruwa zalla daidai yadda mai magani ya kwatanta. Sau da yawa na metanol zai fi ƙarfi, amma ba wanda ke shan metanol a gida, guba ce mai makantarwa. Don haka sakamakonsa yana faɗa mana abin da ke cikin tsiron ne kawai, ba abin da ke cikin ƙoƙon majinyaci ba.

Tataccen yakan fito kamar ƙaro mai danƙo, sai an narkar da shi. An fi amfani da wani ruwan narkarwa mai suna DMSO, kuma yawansa a cikin gwajin kada ya wuce kashi 1 cikin ɗari, in ya yi yawa shi kansa yana danne ƙwayar. A tace shi ta mataci mai ƙofar maikiromita 0.22, saboda garin tsiro yana zuwa da ƙwayoyin ƙasa irin su Bacillus waɗanda barasa ba ta kashe ƙwansu.

Gwajin da kowa ya sani shi ne na rami a faranti. Ana zuba abincin ƙwayoyi na Mueller-Hinton, kusan mililita 25 a farantin milimita 90, ya daskare da kaurin milimita 4. Ana dama ƙwayar cutar a ruwan gishiri har gurɓatarsa ta yi daidai da ma'aunin McFarland 0.5, wato kusan ƙwaya miliyan 150 a kowace mililita. A shafe farantin cikin minti 15, a huda ramuka masu faɗin milimita 6, a zuba tataccen, a sa a akwatin ɗumi a digiri 35 na awa 16 zuwa 20. Rami ɗaya a zuba masa DMSO kaɗai, wani kuma antibayotik sananne. Waɗannan su ne shaidu, gwajin da babu su ba gwaji ba ne. Kowane gwaji a maimaita shi sau uku a ranaku daban-daban.

Kowane ɗaya daga waɗannan lambobi yana da dalili. Abinci ya yi siriri, da'ira ta buɗe fiye da gaskiya. Ƙwaya ta yi kaɗan, haka nan. Akwai kuma matsalar da ta shafe mu musamman: yawancin akwatunan ɗumi ɗumamawa kawai suke yi, ba sa sanyayawa. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ɗakin da babu na'urar sanyaya iska zai iya tura akwatin sama da 35, kuma a sama da wannan zafi wasu MRSA suna ɓoye bijirewarsu. Ma'aunin zafi a cikin akwatin, ana dubawa safe da yamma ana rubutawa, ya fi dogaro da abin da allon na'ura ya nuna.

To amma ko an yi komai daidai, faɗin da'ira ba ma'aunin ƙarfi ba ne. Yana nuna yadda sinadari ke iya ratsa abincin ne. Ƙaramin sinadari mai son ruwa zai yi nisa ya ba da da'ira mai faɗi ko da rauni gare shi. Man kanumfari ko wani sinadari mai maiƙo zai tsaya kusa da rami ko da ya fi ƙarfi. Kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne a zuba miligiram 10 ko 20 na tatacce a rami, a ɗora takardar sifurofuloksasin mai maikirogiram 5 a gefe, a ga da'irorin sun yi kusan ɗaya, a rubuta cewa tsiron ya yi daidai da maganin asibiti. An kwatanta buhu da cokali ne. Miligiram 10 ya ninka maikirogiram 5 sau dubu biyu.

Lambar da ke da ma'ana ita ce MIC, wato mafi ƙarancin adadin da ke hana ƙwayar tsirowa. Ana nemo ta a faranti mai ramuka 96. A zuba romon Mueller-Hinton, a riƙa raba ƙarfin tataccen biyu daga rami zuwa rami, 1024, 512, 256, har ƙasa, a ƙara ƙwaya ta zama kusan dubu 500 a kowace mililita. Tataccen ɓawo yana da launi kuma yana gurɓata romo, ido ba zai bambance gurɓatar tsiro da ta ƙwaya ba, shi ya sa ake ɗiga rinin resazurin: shuɗi ne, idan akwai ƙwaya mai rai sai ya koma ruwan hoda. A bar layi guda mai tatacce ba ƙwaya, don wasu tsirran suna juya rinin da kansu. Daga ramukan da ba su nuna tsiro ba a ɗiba a shuka a sabon faranti. Mafi ƙarancin adadin da ya kashe kashi 99.9 cikin ɗari na ƙwayar shi ne MBC. Idan MBC bai wuce ninki huɗu na MIC ba, ana cewa tataccen kashewa yake yi, ba dannewa kawai ba.

Masana harkar sun daɗe da sa iyaka. Tataccen da MIC ɗinsa ya gaza maikirogiram 100 a mililita abin a bi shi ne da gaske. Daga 100 zuwa 625 matsakaici ne. Wanda ya haura miligiram 1 a mililita kuwa bai cancanci a kira shi mai ƙarfi ba. Bankomaisin, da ake ba mai MRSA, yakan yi aikinsa a maikirogiram 1 ko 2. Mu ɗauki misalin tataccen da MIC ɗinsa ya kai miligiram 12.5 a mililita, irin lambar da ake yawan murna da ita. Babban mutum yana da jini kusan lita 5. Kafin jininsa ya kai wannan ƙarfi sai giram 62.5 na tataccen ya shiga cikinsa a lokaci guda. Idan kashi 10 cikin ɗari ake samu daga garin, ana maganar giram 625 na gari ke nan, kuma da sharaɗin hanji ya tsotse duka, hanta ba ta taɓa komai ba, ƙoda ba ta fitar da komai ba. Babu ɗaya daga sharuɗɗan nan da ke cika.

A nan ne maganar majema ke dawowa. Tanin ba ya bambance furotin ɗin bakteriya da na mutum. A faranti babu abin da zai kama sai ƙwayar cuta. A ciki kuwa zai fara da yawu, ya bi da tuwon da aka ci, ya kama bangon hanji, kuma manyan sinadaransa ba sa ratsawa cikin jini sosai. Ɗan abin da ya shiga zai tarar da albumin, furotin ɗin da ya cika jini, ya manne masa. Saboda haka duk tataccen ɓawo ko 'ya'yan itace da ya nuna ƙarfi, wajibi ne a cire masa tanin a sake gwadawa. Ana cirewa da wani gari mai suna PVPP, ko da garin fata, wadda tsohuwar hanya ce da masana'antar jima ke auna tanin da ita. Ko kuma a ƙara ruwan jini ko albumin a romon a ga ko MIC zai tashi. Idan ƙarfin ya tafi tare da tanin, an san iyakar tsiron: na waje ne, na baki da fata da cikin hanji. Idan ya saura, to an samu abin bi, sai a shiga rarrabe tataccen kashi-kashi, daga hekzen zuwa etil asitet zuwa butanol, ana gwada kowane kashi har a kai ga sinadarin da ke aikin.

Wani abin da za a lura da shi kusan a kowane gwaji shi ne tsirrai sun fi tasiri kan Staphylococcus fiye da E. coli, Klebsiella da Pseudomonas. Waɗannan ukun suna da katanga ta biyu a waje, suna kuma da famfunan da ke watso duk baƙon sinadarin da ya shigo. Abin damuwar shi ne su ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a manyan sahu na jerinta na 2017 da wanda ta sabunta a 2024, su ne aka fi rasa musu magani. Kusan duk antibayotik ɗin da likita ke rubutawa yau daga funfuna ya fito, ko daga ƙwayoyin cikin ƙasa irin su Streptomyces, ko haɗin masana'anta. Tsirrai sun ba duniya kwinin da atemisinin da mofin, amma a fagen kashe bakteriya a cikin jini rabonsu kaɗan ne har yanzu.

A ganinmu, inda tsirranmu suka fi alamar alheri wuri biyu ne. Na farko shi ne taimaka wa antibayotik da ya gaji. A shekarar 2000 an nuna cewa wasu tsirrai na dangin Berberis suna ɗauke da sinadarin babarin, wanda shi kaɗai rauni gare shi, tare da wani sinadari na biyu da ba ya kashe komai amma yana toshe famfon NorA na Staphylococcus. In an haɗa su sai ƙarfin ya bayyana. An kuma nuna cewa sinadarin EGCG na koren shayi yana sa MRSA ta sake jin magungunan gidan fenisilin a ɗakin gwaji. Ana auna irin wannan haɗin gwiwa da gwajin dara: magani yana raguwa a jere, tatacce yana raguwa a tsaye, a lissafa lambar FICI. Idan 0.5 ce ko ƙasa, suna ƙarfafa juna. Idan ta haura 4, suna kashe wa juna kaifi. Wannan na biyun ma sakamako ne mai daraja a wurinmu, tunda mutane da yawa suna haɗa jiƙo da maganin asibiti ba tare da sun faɗa wa likita ba. Tsiron da MIC ɗinsa ya yi rauni bai kamata a jefar da shi ba kafin a yi masa wannan gwaji.

Na biyu shi ne amfani a waje: wankin miki, man shafawa, ruwan kuskure baki. A nan matsalar tsotsewa da albumin ta ragu, ana iya kai sinadari da ƙarfinsa kai tsaye inda ƙwayar take. Amma nan ma sai an auna illa. Ana gwada tataccen kan ƙwayoyin halittar jikin dabba ko mutum da aka raina a faranti, a raba adadin da ke cutar da su da MIC. Ana son amsar ta haura 10. Daga nan a wuce ga ɓeraye, da gwajin ba su sau ɗaya har miligiram 2000 a kowane kilo, da na kwana 28 inda ake duba hanta da ƙoda. Illolin da aka riga aka sani suna nan: ɗanyar tafarnuwa da aka ɗaure a fata tana ƙonawa kamar wuta, ruwan tumfafiya yana ɓata ido, man darbejiya ya sha jefa jarirai cikin jijjiga da suma, lalle yana iya fasa jinin jaririn da ke da ƙarancin sinadarin G6PD. Tanin mai yawa kuma yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe, abin lura ga mai ciki da jininta ya riga ya yi ƙasa.

Akwai ciwon da jira a cikinsa asara ce da ba ta dawowa. Asibitin cutar noma mai cin fuskar yara da ke nan Sakkwato shaida ne: ciwon yana farawa da kumburin dasashi a bakin yaro mai tamowa, a matakin farko antibayotik da abinci mai gina jiki suna tsayar da shi, amma kwanaki kaɗan na gwada jiƙo da turare sun isa ya cinye kunci. Haka jaririn da ya ƙi nono jikinsa ya yi zafi, da mai zazzaɓin da wuyansa ya sandare, da ƙafar mai ciwon suga da ta fara baƙi. Lambar NAFDAC mai ƙarewa da harafin L da ake gani a kwalaben maganin gargajiya tana nufin an duba cewa bai nuna cutarwa ba, ba ta nufin an tabbatar yana warkarwa, kuma akan rubuta hakan a jikin kwalbar. Mai ciwon sanyi ko mikin da ya sha magani kala biyu bai ji sauƙi ba, abin da zai nema shi ne a ɗauki fitsarinsa ko ruwan mikin a shuka, a gwada maganin da ƙwayar ke ji. Ana ɗaukar samfurin ne kafin a fara sabon magani, fitsarin tsakiya a kwalba mai tsafta, a kai ɗakin gwaji cikin awa biyu, sakamako kuma yakan fito cikin awa 48 zuwa 72.